Zauren da Farfesa Ya Hana a Gyara

Ranar da famfon bayan Sashen Tarihi ya kawo ruwa, Farfesa bai iya cin abincin rana ba. Shekara da shekaru famfon nan yana tsaye a bushe, har zanzaro ya yi gida a bakinsa, kuma duk baƙon da ya shigo jami'ar sai Farfesa ya kai shi ya murɗa masa kan famfon, ya ce, "Ka ji ƙarar ilimi ke nan a wurin nan." Yau ga shi yana zuba shaa, ɗalibai sun yi layi suna wanke fuska suna dariya. Farfesa ya tsaya daga nesa, hannu a baya, yana kallo kamar wanda aka sace wa akuya kuma ya gan ta a gidan maƙwabci ta yi ƙiba.

Shi ma yana shan ruwa kamar kowa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne hannun da ya kawo ruwan.

Sabon Shugaban jami'ar, wanda yanzu kowa ke rusuna masa, ɗaki ɗaya suka zauna da Farfesa suna ɗalibai, gado sama da ƙasa. A lokacin Farfesa ake kira Na-Ɗaya, domin ba a taɓa kafa sakamako an ga wani a samansa ba. Shi kuwa abokin ɗakin nasa Ɗan Aro ake ce masa. Sabulu aro, dutsen guga aro, littafi aro, har murmushin da yake yi wa malamai wasu sun rantse na wani ne. Ranar da aka kira shi ganawar da ta kai shi karatu ƙasar waje, takalmin Farfesa ya sa, baƙi mai igiya, wanda Farfesa bai taɓa takawa da shi ba don yana jiran ranar da ta dace. Takalmin ya hau jirgi, mai takalmin ya tsaya a ƙasa. Har yau takalmin bai dawo ba.

Da kujerar shugabanci ta faɗi babu kowa, su biyun suka kai zagayen ƙarshe. Farfesa ya yi jawabin da har masu rubuta bayanin taro suka ajiye biro suna saurare. Ɗan Aro ya yi 'yan maganganu kan magudanar ruwa da fitilun hanya. Aka ba Ɗan Aro. Tun daga ranar, in Farfesa ya ba da baya, Saura Ƙiris ake kiransa. Ya san da sunan, yana dai yin kamar kunnensa na hagu ya fara nauyi.

Ya yi wa kansa ta'aziyya da cewa kayan aro ba ya rufe katara, a ba shi shekara guda a ga iyakar gudunsa. Sai ga shi mutumin bai canza hali ba, girman abin da yake ara ne kawai ya ƙaru. Kullum da safe zai naɗe hannun riga ya zaga jami'ar da ƙafa, Injiniyan sashen ayyuka na biye da shi yana haki, duk abin da ya gani a lalace sai ya tsaya ya tambaya, "Wa ke da irin wannan a gari?" Kamfanin da ke shimfiɗa titi a bayan jami'a ya ba shi aron katafila a ranakun hutu, aka cike ramukan da suka cinye ƙafafun motocin malamai. Wata masana'anta da ta rufe ta ba shi aron janareta, ɗakin karatu ya samu wuta. Ya ari injin haƙa rijiya, ya ari masu fenti, ya ari wani tsohon likita da ya yi ritaya ya zaunar da shi a asibitin ɗalibai. Ba ya roƙo, ba ya kuma cewa a ba shi. "Aro dai," yake cewa, da murmushin nan, mutum kuma ya miƙa yana jin kamar shi aka yi wa alheri.

Akwai wani tebur ƙarƙashin bishiya kusa da wurin shan shayin malamai, inda Farfesa ya daɗe yana sarauta. Nan ake zama a yi wa jami'a wankin babban bargo, kuma babu mai iya tsara ƙorafi kamar shi. Yana farawa da ramin bakin ƙofa ya ƙare da rushewar dauloli. Sannu a hankali talakawansa suka fara gudu. Malamin sinadarai ya samu ruwa a ɗakin gwajinsa, ya daina zuwa. Malamin lissafi aka gyara masa fanka, ya koma barcin rana a ofis. Rannan Farfesa ya buɗe baki zai yi maganar ciyawar filin wasa, wani ƙaramin malami ya ce, "Ai an yanke jiya, Farfesa." Ya kurɓi shayinsa da zafinsa, ya ƙona harshe.

Gida ma babu sauƙi. 'Yarsa ta fari a jami'ar take karatu, kuma ba ta da linzami a baki.

"Baba, ka ga fitilun hanyar ɗakin kwananmu kuwa? Wallahi kamar ba makarantarmu ba."

"Na aro ne," in ji Farfesa.

"To ai suna haske."

Matarsa ta ɗago daga ninkin kaya. "Kai ma da aron hasken ka yi ka sa mana a bayan gida, da ban yi tuntuɓe da turmi ba. Wata nawa ina ce maka ƙwan ya mutu?"

"Maman yara, ana maganar manufar ilimi kina maganar ƙwan fitila."

"Da ƙwan fitilar aka kayar da kai, ai."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Namiji mai digiri uku ba ya musu da wanda bai karanci tarihi ba, musamman in ba shi da amsa.

Ana haka wa'adin Shugaba ya zo ƙarshe. Aka sanar cewa majalisar gudanarwa za ta zo ta zaga jami'ar da idonta kafin ta yanke ko za a ƙara masa wani wa'adin. Farfesa ya zauna ya yi lissafin shekarunsa. In aka ƙara wa Ɗan Aro, kafin ya sauka ritaya ta riga ta zo ta tafi da Farfesa, a binne shi da sunan Saura Ƙiris. In ba a ƙara ba, kujera ta sake zama babu kowa, kuma kowa ya san wanda ya zo na biyu. Abin da yake bukata bai fi abu guda ba: wani wuri a jami'ar da za a nuna wa majalisa, ta gani ta toshe hanci.

Wuri ɗaya ya rage, kuma makullinsa na aljihun Farfesa.

Tsohon Zaure shi ne zauren lacca na farko da aka gina a jami'ar, yana hannun Sashen Tarihi, wanda Farfesa ke shugabanta. Kwanon rufinsa ya yi tsatsa ya huje, silin ya kumbura ya yi taswirar ƙasashen da ba a gano ba tukuna. Fankoki uku ne, ɗaya ta karye wuya tana reto. Bencin gaba in an zauna a wannan gefen sai wancan ya ɗaga. Tantabaru sun daɗe da karɓe layin baya, suna halartar lacca fiye da wasu ɗaliban. Farfesa ya tsaya a tsakiyarsa ya shaƙi warin jiƙaƙƙen katako, ya ji daɗin da rabonsa da shi tun ranar da famfo ya kawo ruwa.

Matsalar ita ce Injiniya, wanda ya riga ya sa zauren a gaba.

"Ranka ya daɗe, sati mai zuwa muke son hawa rufin nan."

"Ina da lacca."

"To ranar hutu."

"Darasin cike giɓi."

"Hutun zango fa?"

"Jarrabawar waɗanda suka faɗi. Injiniya, kai ƙusa ka sani. Ilimi ba a dakatar da shi don guduma."

Farfesa ya kwaso darussan sashen kakaf ya zuba a zauren, daga safe har yamma, har da waɗanda ya yi shekaru yana tura wa ƙananan malamai. Mutumin da a da sai an yi sa'a ake ganinsa a aji ya zama shi ke buɗewa shi ke rufewa. Ɗalibai suka fara tambayar juna ko lafiya. Da damina ta sauka ya fara kwasar bokitai daga gida yana sakawa a bayan mota, yana jera su ƙarƙashin kowane yoyo.

"Farfesa," in ji matarsa wata safiya, ta tare ƙofa, "ina shuɗin bokitina? Ina jan? Ina bahon wankin yara? Ko sana'ar ga-ruwa ka koma ba mu da labari?"

"Aikin bincike ne."

"To a binciko min su kafin ranar wanki."

Shugaba da kansa ya zo sau ɗaya, a zagayensa na safe. Ya leƙo Farfesa na goge allo, ya shigo yana tsallake bokitai.

"Na-Ɗaya! Ashe nan ka ɓuya."

"Ranka ya daɗe," in ji Farfesa, kalmar na fita ta tsakanin haƙora.

"Haba, ni da kai? Ka bar wa 'yan ofis wannan. Yaushe za ka ba mu aron zauren nan ne? Sati biyu kawai, mu dawo maka da shi sabo."

"Na san yadda kake dawo da kaya."

Shugaba ya yi dariya har da dafa benci, bencin ya ɗaga ta ɗaya gefen. Sannan ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon silin, ya dubi fankar da ke reto, ya bi bokitan da ido ɗaya bayan ɗaya, ya dawo kan Farfesa. Irin kallon da yake yi wa takalmin nan ne a ƙarƙashin gado, amma Farfesa bai tuna ba sai daga baya.

"To shi ke nan," ya ce. "Babu gaggawa."

Daga ranar Injiniya bai sake zuwa ba. Farfesa ya ɗauki hakan a matsayin nasararsa ta farko tun zamanin kafa sakamako. Ya shiga tsara abin da zai faɗa. Zai bari a gama zagaye, a gama yabon fenti da furanni, a zauna a ɗakin taro, sannan ya ɗaga hannu a hankali ya ce, cikin ladabi, akwai wani ɗan wuri da aka manta a nuna wa manyan baƙi. Ya gwada jimlar a mota, ya gwada ta a gaban madubi. Abu ɗaya ya rage wanda ba ya hannunsa, shi ne ruwan sama, domin yoyo ba ya ba da shaida da rana tsaka. Bai taɓa duban gabas da irin wannan naci ba, ko manomi sai haka.

Ranar zuwan majalisa gari ya waye da hadari baƙi ƙirin. Kafin baƙi su sauko daga mota an tsuge kamar da bakin ƙwarya. Farfesa na tsaye cikin jerin shugabannin sassa, da kwat ɗinsa da babbar lemarsa, yana danne murmushi da kyar.

Shugabar majalisar tsohuwar alƙaliya ce, gajeruwa, mai tabarau a kan hanci, irin mutanen da in suka dube ka sai ka fara tuno laifukanka. Ta tambayi Shugaba daga ina za a fara. Kowa ya zaci ɗakin karatu zai ce.

"Ranki ya daɗe, daga farko za mu fara," in ji shi, ya juya ya nufi Sashen Tarihi.

Farfesa ya bi ayari. A bakin Tsohon Zaure Shugaba ya miƙo hannu, tafin a sama. "Na-Ɗaya, ara min makulli." A gaban mutum ashirin da alƙaliya, me zai ce? Ya miƙa.

Zauren bai taɓa yin ƙoƙari irin na ranar ba. Kowane yoyo na aiki, bokitai na amsa wa juna, kowanne da muryarsa. Tantabaru suka tashi fuu. Wani ɗan majalisa mai tumbi ya zauna a bencin gaba don ya huta, bencin ya yi abin da ya saba. Alƙaliya ta toshe hanci da gefen mayafi, daidai yadda Farfesa ya yi mafarki.

"Ranki ya daɗe," in ji Shugaba, "in na nuna muku gyara kawai, za ku ce fenti ne. Mutum mai mantuwa ne, ko mu da muke ciki mun fara manta yadda muka tarar da wurin nan. Allah ya sa muna da masanin tarihi. Injiniya ya yi ta masa zarya zai gyara, ya hana. Ya kwaso darussansa ya dawo nan, ruwa na dukansa. Bokitan nan da kuke gani daga gidansa ya kawo su. Haka duk jami'ar take a da, kuma babu wanda zai ba ku labarin kamar shi. Farfesa, bismillah."

Idanu suka juyo kansa. Yana da jimlarsa a shirye, wadda ya gwada a gaban madubi, amma jimlar an gina ta ne a kan cewa an ɓoye zauren, ga shi kuwa da shi aka buɗe taro. Ya yi gyaran murya don ya samu lokaci.

Alƙaliya ta dube shi ta saman tabarau. "Da gaske haka ko'ina yake?"

Nan ne aka kama shi, domin tambaya ce ta tarihi, kuma an yi ta a cikin aji. Shekara talatin yana jiran babban mutum ya tambaye shi yadda jami'ar nan ta lalace.

"Haka?" ya ce. "Ranki ya daɗe, ai nan aljanna ce."

Ya fara da ramin bakin ƙofa, wanda ya taɓa haɗiye motar magatakarda har gindi. Ya bi ta ɗakin gwajin da ake wanke kwalabe da ruwan da ɗalibai suka ɗauko a ka, ya shiga ɗakin karatun da ake karatu da hasken waya, ya fito ta asibitin da maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, wato a je gida a huta. Ya kawo zanzaron bakin famfo, har ya kwaikwayi ƙarar murɗa shi. 'Yan majalisa na dariya suna riƙe ciki, mai tumbin nan na share hawaye. Duk abin da ya tara a teburin ƙarƙashin bishiya ya juye shi a tsare, ruwa na ɗiga a kafaɗar kwat ɗinsa bai ma ji ba. Bai taɓa yin lacca mai daɗin wannan ba, kuma ya san haka tun yana cikinta.

Sai da aka fara tafi ya lura cewa duk abin da ya lissafa, in an fita ƙofar nan za a tarar an gyara shi. Ya zayyana wa majalisa aikin Ɗan Aro kaf, da kyau fiye da yadda Ɗan Aro zai iya, kuma kyauta.

Aka fita zagaye. A kowane wuri alƙaliya sai ta waiwayo. "Farfesa, nan ne ramin?" Ya ce nan ne. "Wannan ne famfon?" Ya ce shi ne. Ta murɗa, ruwa ya zubo.

Majalisa ba ta daɗe a ɗakin taro ba. Aka ƙara wa Shugaba wa'adi babu ko hannu ɗaya da ya saɓa. Sannan alƙaliya ta ƙara da wata shawara tata, aka amince nan take: Tsohon Zaure a bar shi yadda yake, kada a taɓa ko ƙusa, don 'yan baya su gani su yi hankali. Farfesa shi ne mai kula da shi, kuma tunda ya nuna yana ƙaunar koyarwa a ciki, a ci gaba da ba shi darussansa a can. Kowane sabon ɗalibi da kowane babban baƙo a fara kai shi wurin Farfesa ya ji laccar nan.

Malamai suka yi ta zuwa suna masa murna. Malamin lissafi ya riƙe hannunsa ya ce bai taɓa sanin yana son Shugaba haka ba.

Bayan 'yan kwanaki ya tare Injiniya a bakin sashe, ya ja shi gefe, ya rage murya.

"Wannan hujin rufin da ke saitin teburina, ko ɗan faci ne..."

"Ranka ya daɗe, ni ƙusa na sani," in ji Injiniya. "Majalisa kuma ta ce kada a taɓa ko ƙusa."

Matarsa, da ta ji bokitanta sun zama kayan tarihi, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ta sa shi gaba ya kai ta kasuwa ya saya mata sababbi.

Wata safiya ana yayyafi, Farfesa na cikin zauren yana matsar da shuɗin bokiti zuwa wani sabon yoyo da ya ɓullo, sai ga Shugaba a bakin ƙofa, hannun riga a naɗe, kansa a jiƙe.

"Na-Ɗaya, wallahi laccar nan taka har yanzu ana maganarta. Ni fa tun muna ɗaki na san ka fi ni baki."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Zan ƙarasa can wajen filin wasa, ga ruwa ya tare ni." Idonsa ya sauka kan babbar lemar da ke jingine da allo. "Ara min wannan mana. Yanzun nan zan aiko maka da ita."

Farfesa ya dubi lemar, ya dubi silin da ke ɗiga daidai inda yake tsayawa in yana koyarwa. Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafun Shugaba, ko zai ga takalminsa, amma wani takalmin ne daban, Allah kaɗai ya san na wane ne.

Ya ɗauko lemar ya miƙa masa.